Daren Ɓad-da-kama A Ƙasar Wasu: Wane Guzuri Muka Ba 'Ya'yanmu?



Masu karatu, hoto guda ne ya jawo wannan rubutu. A farkon wani watan Nuwamba ya faɗo cikin zauren WhatsApp na wani gida da muke maƙwabtaka da shi a nan Unguwar Boro, kudu da Kogin Kaduna. 'Yar gidan ta samu gurbin karatu a Amurka, kuma idan ta taso daga makaranta takan yi aikin sa kai a wata cibiya da ke raba abinci ga marasa hali, tana kuma taimaka wa yaran 'yan gudun hijira da karatu. A hoton tana tsaye da hijabinta, an ɗora mata wata baƙar hula mai tsini a kai, kwandon alewa a hannunta, yara sun kewaye ta. Wani ya yi shigar ɗan kwana-kwana, wata ta yi shigar likita, wani kuma an zana masa ƙwarangwal a riga. A ƙasan hoton ta rubuta cewa sun sha aiki, amma yara sun ji daɗi.

Kafin a kira sallar Isha zauren ya kama da wuta. Kawunta ya ce yarinya ta bar addini. Gwaggonta ta ce a dawo da ita gida a yi mata aure tun kafin a rasa ta gaba ɗaya. Yayanta ya ce wasa ne kawai, manya ne ba su waye ba. Mahaifiyarta ba ta tofa komai ba, sai da gari ya waye ta aiko a yi mana sallama, ta tambaya cikin sanyin murya: "Malam, don Allah gaya mini gaskiya, 'yar tawa ta saɓa ne?"

Tambayar ta cancanci amsa, domin ba gidansu kaɗai ta shafa ba. Gwamnatocin jihohi irin su Kano da Kaduna da Sakkwato sun sha tura ɗalibai ƙasashen waje. Wasu na tafiya da tallafin Chevening ko na Commonwealth zuwa Ingila, wasu kuma da kuɗin iyayensu. An kuma samu shirin musayar ɗalibai da ake kira YES, wanda majalisar dokokin Amurka ta kafa a 2002 bisa ƙoƙarin Sanata Edward Kennedy da Sanata Richard Lugar. Shirin ya ɗauki 'yan sakandare daga jihohin Arewa, ciki har da Kaduna, suka yi shekarar karatu guda a gidajen Amurkawa, aikin sa kai kuma yana cikin abin da aka sa ran su yi. Yaron da ya sauka a watan Agusta, bai gama sabawa da abinci da sanyi ba zai ga shaguna sun cika da kabewa da fuskokin dodanni. Idan bai tafi da amsa daga gida ba, zai ɗauki amsar da ya tarar a can.

Mu fara da sanin abin da ake magana a kai, tun da hukunci a kan abu yana biyo bayan saninsa ne. Ana yin bikin Halowin a daren 31 ga Oktoba. Sunan ya samo asali daga jajibirin ranar tunawa da dukkan waliyyai a wajen Kiristocin Yamma, wato 1 ga Nuwamba. Fafaroma Gregory na Uku, wanda ya yi mulki daga 731 zuwa 741, ya keɓe wani ɗakin ibada a Rum don tunawa da waliyyan, daga baya a ƙarni na 9 ranar ta yaɗu a ƙasashen Turai. Masana tarihi da yawa kuma suna danganta wasu al'adun daren da wani tsohon biki na mutanen Ayilan da ake kira Sawin, wanda ke zuwa a ƙarshen kaka, lokacin da mutanen suka yi imani cewa shamakin da ke tsakanin rayayyu da matattu yakan yi rauni. Yunwar da ta afka wa Ayilan daga 1845 ta kori ɗimbin jama'a zuwa Amurka, suka tafi da al'adunsu. A can ne, cikin ƙarni na 20, abin ya rikiɗe ya zama yawon yara gida-gida suna karɓar alewa, 'yan kasuwa kuma suka mayar da shi kakarsu.

A yau bikin yana da fuska fiye da ɗaya. Akwai ta yara, wadda ba ta wuce alewa da dariya ba. Akwai ta sadaka: tun 1950 wasu yara a birnin Filadelfiya suka fara amfani da daren wajen tara wa asusun UNICEF kuɗi, abin ya ɗore shekara da shekaru. Akwai kuma ta manya, ta casu da giya da tsiraici da cunkoso, wadda duniya ta ga mummunan ƙarshenta a unguwar Itaewon ta birnin Seoul a daren 29 ga Oktoba, 2022, inda mutum 159 suka rasa rayukansu a turmutsitsi. Ƙasashen Musulmi ma ba su tsira daga muhawarar ba. Majalisar fatawa ta Malesiya ta haramta wa Musulmi bikin a 2014, a 2022 kuwa aka ga matasa sanye da kayan ban tsoro a wani dandalin shaƙatawa a Riyadh. Wanda duk ya ce Halowin abu ɗaya ne tilo, ko dai tsafi zalla ko wasa zalla, bai kalle shi da kyau ba.

To me shari'a ta ce? Abu Dawud da Nasa'i sun ruwaito daga Anas (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya iso Madina ya tarar mutanenta suna da ranaku biyu da suke wasa a cikinsu tun zamanin Jahiliyya, sai ya sanar da su cewa Allah Ya musanya musu da waɗanda suka fi su alheri, wato Babbar Salla da Ƙaramar Salla. A kan wannan hadisi, da kuma hadisin Ibn Umar (RA) da ke gargaɗi game da kamanceceniya da wasu al'ummu, mafi yawan malamai suka gina hukuncin cewa Musulmi ba ya ɗaukar idin wasu ya mayar da shi nasa. Ibn Taimiyya ya faɗaɗa bayani a kan haka a littafinsa Iƙtida'us Siraɗil Mustaƙim. Wasu malaman zamani da ke zaune a ƙasashen Yamma kuwa suna ganin bikin ya riga ya tuɓe rigar addini ya zama al'adar gari, don haka sukan yi sassauci ga yara matuƙar babu wani haram a ciki.

Mu a nan mun karkata ga ra'ayin farko, kuma za mu faɗi dalili. Ko da an yarda cewa yawancin masu bikin ba su san tarihinsa ba, alamominsa suna nan ba su sake ba: mayu, fatalwa, kaburbura, jini, ƙwarangwal. Sihiri yana cikin manyan zunubai bakwai masu halakarwa da Bukhari da Muslim suka ruwaito. A ƙasarmu kuwa kalmar maita ba abin wasa ba ce, domin mun san yadda zarginta ya raba tsofaffi da gidajensu, ya jawo wa bayin Allah duka da ƙona. Haka mutuwa. Annabi (SAW) ya miƙe tsaye da aka wuce da gawar Bayahude, don girmama rai. Mu mutanen Kaduna mun ɗauki makara da yawa a Fabrairu da Mayun 2000, da Nuwambar 2002, da Afrilun 2011. Wanda ya ga abin da muka gani, da wuya ya shafa jinin ƙarya a fuska ya ce yana nishaɗi. Ƙari a kan haka, Abu Dawud ya ruwaito cewa a wata tafiya wani sahabi ya ɗauke igiyar ɗan'uwansa yana barci, ya farka a firgice, sai Annabi (SAW) ya hana tsorata Musulmi ko da da wasa ne. Biki da aka gina a kan tsoratarwa ya yi hannun riga da wannan tarbiyya.

Amma daga nan zuwa cewa yarinya ta yi ridda akwai tafiya mai nisa, kuma kawun nan ya yi ta cikin taku ɗaya. Bukhari da Muslim sun ruwaito gargaɗin Annabi (SAW) cewa kalmar kafirci idan aka jefi ɗan'uwa da ita, sai ta tabbata a kan ɗayan biyun. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda babu mai tuhumarsa da sassauci a kan bidi'a, ya yi rubuce-rubuce da dama yana raddi ga ɗaliban zamaninsa da ke kafirta talakawa don kawai ba su iya kafa hujjojin tauhidi irin na malamai ba. Da aka tambayi yarinyar daga baya, sai ta ce ita ba ta ma san hular ta mayya ba ce. Wata abokiyar aiki ce ta ɗora mata lokacin ɗaukar hoto, ta ji nauyin cirewa. Wannan kuskure ne da ake gyarawa da bayani. Wanda ya amsa shi da kafirtawa ya koya wa yarinyar darasi ɗaya kawai: kada ta sake turo hoto. Daga ranar za ta ci gaba da rayuwarta a ɓoye, iyaye kuma su rasa tagar da suke leƙa halin da take ciki.

Kafin mu yi nisa da ɗaga murya, ya kamata mu waiwayi namu, domin laifi tudu ne. Mu ma muna da daren ɓad-da-kama, kuma a cikin wata mafi alfarma muke yin sa. Daga goma ga Azumi yara sukan fito tashe: a liƙa gemun auduga, a cusa tsumma a ciki ya zama tumbi, a shafa gawayi ko toka, a ari babbar rigar baba, a bi gida-gida ana waƙa ana karɓar hatsi ko 'yan kuɗi. Wa ya girma a ƙasar Hausa bai san Jatau mai magani ba, ko Tsoho da gemu, ko Mairama da Daudu na 'yan mata? A Kano har sarauta gare shi, ga Nalako da tashen gwauraye. Malamanmu sun rayu da tashe shekaru aru-aru, da yawansu sun yi shi suna yara. Wannan ya nuna mana cewa sauya kama don wasa, a kan kansa, ba shi ne abin ƙi ba. Annabi (SAW) ya bar Habashawa suna wasa da māsu a masallaci ranar idi, ya kuma tsaya Nana A'isha (RA) ta yi kallo har ta gaji. Ya sa jubba ɗinkin ƙasashen da ba na Musulmi ba. Abin da ake dubawa shi ne ma'anar shigar, da bikin da aka jingina ta da shi, da abin da ke biyo bayanta.

Da wannan ma'auni tashe ya bambanta da Halowin, domin darussansa na gida ne: yana zolayar rowa da lalaci da zaman gwauranci, yana koya wa yarinya zaman aure, yana tashin mutane sahur. Amma da wannan ma'aunin ne kuma za mu ga tabon da ke jikinsa. Akwai wasannin da namiji ke shigar mata, alhali Bukhari ya ruwaito tsinuwa a kan hakan daga Ibn Abbas (RA). Akwai 'yan mata da ke yawo har tsakar dare ba mai kula. Akwai ɓata-gari da ke fakewa da shi suna ƙwacen waya da sara-suka, har ta kai rundunar 'yan sandan jihar Kano ta sha dakatar da tashen a shekarun nan. Akwai kuma Macukule, inda ake kwaikwayon Bagware ana dariya. A Kano ko Katsina za a ce barkwanci ne na tsakanin ƙabilu. A nan kuwa, inda Gbagyi suke maƙwabtanmu kuma suna cikin waɗanda suka riga kowa zama a wannan ƙasa, ya kamata mu tambayi kanmu yadda wasan yake sauka a kunnensu. Mai son ya gyara wa ɗansa Halowin, sai ya yarda a gyara masa tashensa.

Yanzu ga abin da muke ganin mu mazauna kudancin Kaduna za mu iya koya wa sauran 'yan'uwa. Tun bayan rikicin 2000 kogin nan ya zama kamar iyaka: Musulmi suka tattara zuwa Tudun Wada da Rigasa da Kawo da Unguwar Sarki, Kiristoci suka gangaro Sabon Tasha da Narayi da Television da Unguwar Boro. Musulmin da suka rage a wannan ɓangare, da waɗanda ke tsallako gada kullum don kasuwa ko aiki, sun koyi wani ilimi da ba a karanta shi a allo, wato yadda ake zama tsiraru ba tare da an narke ba kuma ba tare da an yi gaba ba. Idan Kirsimeti ta zo maƙwabci yakan aiko da shinkafa, wani ma ya nemi Musulmi ya yanka masa dabbar don kowa ya iya ci. Mukan karɓa mu yi godiya, mu tambayi lafiyar yara, idan Salla ta zo mu aika da nama. Ba mu shiga ibadarsu, su ma ba sa tsammanin mu shiga, kuma babu wanda ya ɗauki hakan a matsayin raini. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda suka taɓa jagorantar matasa masu gaba da juna kafin su kafa cibiyar sulhu a Kaduna a 1995, sun shekara talatin suna aiki tare, kowa yana kan addininsa.

Wannan zama yana da asali a wajen magabata. Aya ta 8 ta Suratul Mumtahana ta buɗe ƙofar kyautatawa da adalci ga waɗanda ba su yaƙe mu ba. Abdullahi bin Amr (RA) an yanka akuya a gidansa, ya yi ta tambaya ko an kai wa maƙwabcinsa Bayahude. Ibn Taimiyya kansa, a cikin littafin da muka ambata, ya kawo cewa Sayyidina Ali (RA) ya karɓi kyautar da aka kawo masa a ranar idin Farisawa, kuma Nana A'isha (RA) ta halatta cin 'ya'yan itatuwan da majusawa suka aiko a ranar idinsu, ta hana abin da aka yanka domin ranar. Majalisar fatawa ta Turai, wadda aka kafa a 1997 da mazauni a Dublin, ta halatta yi wa waɗanda ba Musulmi ba fatan alheri a bukukuwansu, ko da yake akwai malaman da suka saɓa mata. Sahabban da suka yi hijira zuwa Habasha sun zauna lafiya ƙarƙashin sarki Kirista, sun yi masa fatan nasara a kan abokan gabansa, amma da aka shiga fada ba su yi masa sujada ba, Ja'afar bin Abi Ɗalib (RA) kuma ya yi bayanin dalili cikin ladabi har sarki ya gamsu. Ɗalibinmu a ƙasar waje jikan waɗannan ne.

Saboda haka shawarar gwaggo, ta a dawo da yarinya gida, ba mu goyi bayanta ba, kamar yadda ba mu goyi bayan masu cewa ta daina zuwa cibiyar ba. Ciyar da mai yunwa da koyar da maraya ibada ce ko a wace ƙasa aka yi ta, kuma yunwa ba ta hutu ranar 31 ga Oktoba. Bahaushiya mai hijabi da ke ɗaukar kwalin abinci tana kai wa tsohuwar da ba ta taɓa ganin Musulmi ido da ido ba, tana yin wa'azin da dubban lasifika ba za su yi ba. Idan muka janye 'ya'yanmu daga kowane aikin alheri don gudun kada wata rana a ɗora musu hula, mun bar fagen ga masu cewa Musulmi ba ya amfanar kowa sai kansa.

Abin da ake bukata shi ne shiri, kuma ba shi da wuya. Tun farkon Oktoba ɗalibi ya samu shugaban wurin aikinsa ko masu masaukinsa, ya ce musu: addinina bai ba ni damar yin wannan biki ba, amma aikin da aka ba ni zan yi shi. Ya nemi a ba shi aikin safe na shirya kayan abinci, ko wanke-wanke da share-share bayan an watse, ko ya yi musaya da wani ya karɓi ranar da kowa ke gudu, kamar ranar Kirsimeti, lokacin da abokan aiki ke son zama da iyalansu. Idan ya zama dole aikinsa ya faɗo a daren, ya je da tufafinsa na kullum, ya kula da yara, ya yi musu murmushi, ya yi sallarsa a kan lokaci, idan an miƙo masa hula ko fuskar dodo ya ce ya gode. Casun dare kuwa, inda ake giya da cakuɗuwa, babu saɓani a kan nisantarsa, ko da Halowin ko babu. Mafi yawan mutanen can sun saba da jin "addinina bai yarda ba", domin a cikinsu akwai Yahudawa da Kiristocin da su ma ba sa yin bikin, har wasu majami'u sukan shirya wa yaransu taron kaka a madadinsa. A nan gida ma da yawa daga maƙwabtanmu Kiristoci suna ƙyamarsa kamar yadda muke yi.

Akwai wani tarko da ya kamata a faɗakar da yara a kansa. Sau da yawa mai masauki, da kyakkyawar niyya, zai ce: ai ba sai ka sayi komai ba, ka sa kayanku na gargajiya kawai. Sai yaro ya fito da babbar riga da hula zanna, ko ya naɗa rawani, ya tsaya tsakanin mai shigar fatalwa da mai shigar ɗan fashin teku. Yana ganin ya tsira, alhali ya sa suturar ubansa da kakansa a sahun kayan ban dariya. Rawani da hijabi da babbar riga tufafin mutunci ne, da su muke zuwa masallaci da ɗaurin aure da jana'iza. Suna da ranakunsu: ranar Salla, ranar 1 ga Oktoba, ko makon ilimi na ƙasa da ƙasa da makarantun Amurka ke yi a watan Nuwamba, inda ake ba ɗaliban waje dama su gabatar da ƙasashensu. A nan ne ya dace yaro ya yi ado, ya dafa musu tuwo da miyar kuka idan ya samu kayan haɗi, ya ba su labarin hawan daba da ganuwar Kano da Nana Asma'u, har da tashe.

Mun san za a ce mana: in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma nemi tsumma ka ɗaura. Za a ce yaron da ya ware kansa zai rasa abokai, kaɗaici ya kama shi. Wannan damuwa gaskiya ce, ba ma raina ta. Kaɗaici a ƙasar sanyi yana karya zuciya, kuma ya jefa matasa da yawa cikin abin da ya fi Halowin muni. Sai dai abota da ake ginawa cikin wata tara na zama tare da aiki tare ba ta rushewa saboda dare ɗaya. Wanda aka san shi da zuwa aiki a kan lokaci, da riƙon amana, da taimakon abokin karatu, idan ya ce a yi masa uzuri za a yi masa, sau da yawa ma a ƙara ganin girmansa. Wanda kuma ya saba ɗaura kowace jela da ya gani, wata rana zai waiwaya ya kasa gane kansa. Zanen aro ba ya rufe katara.

Daga ƙarshe, yatsa ya dawo kanmu. Idan yaro zai tafi mukan yi masa guzurin kilishi da yaji da kuka da daddawa, mu saya masa rigar sanyi a kasuwar gwanjo, mu tara malamai a yi addu'a. Su wa a cikinmu suka zaunar da shi suka ce: ga bukukuwan da za ka tarar, ga abin da za ka karɓa, ga abin da za ka bari, ga yadda za ka faɗa ba tare da ka ɓata wa kowa rai ba? Islamiyyunmu suna koyar da tsarki da salla da tajwidi, Allah Ya saka wa malamansu, amma fiƙihun zama cikin waɗanda ba Musulmi ba kusan babu shi a manhaja, alhali ɗalibansu suna zaune a Kaduna. Muna kira ga limamai da ƙungiyoyi irin su Jama'atu Nasril Islam, wadda hedikwatarta ke cikin garin nan, da ƙungiyar ɗalibai Musulmi, da hukumomin ba da tallafin karatu, su riƙa shirya zama na yini ɗaya ko biyu ga duk mai shirin tafiya, a gayyato waɗanda suka je suka dawo su faɗi abin da suka gani. A kuma haɗa kowane ɗalibi da malami guda da zai iya kira ya tambaya ba tare da tsoron a kunyata shi ba. Haka nan masu makarantun kuɗi a nan gida da suka fara sa yara shigar mayu a ƙarshen Oktoba don a ce sun waye, su ji tsoron Allah. Ɗalibin da ke can yana da uzurin baƙunta, su wane uzuri gare su?

Amsar da muka ba mahaifiyar nan ita ce: 'yarki ta yi kuskure a hula, ta yi daidai a aiki, kuma imaninta yana nan in Allah Ya so. Ki kira ta ke da ita, ba a zauren dangi ba. Ki fara da sa mata albarka a kan yaran da take koyarwa, sannan ki gaya mata ma'anar hular, ki ce baɗi ta shirya tun da wuri. Kawu kuma a roƙe shi ya janye kalmarsa, ya nemi gafarar Allah, domin nauyinta ya fi na hular.

Allah Ya tsare mana zuri'a a gida da waje, Ya sa su zama masu amfanar mutane a duk inda suka sauka, Ya dawo mana da su da ilimi da imani. Allah ne Mafi sani.